Kyandir Ɗaya, Tsofaffi Biyu

A sanyin 1974, lokacin da kuɗin man fetur ke ambaliya a ƙasarmu, mu a unguwar Tottenham can ƙasar Turawa ɗauke mana wuta ake yi babu gaira babu dalili. Kyandir ya yi ɓatan dabo a shaguna.

Maƙwabtana na flat ɗin ƙasa Yahudawa ne, Baba Zelig, tsohon tela, da matarsa Iya Fruma. Shekararsu arba'in da takwas da aure. Duk Juma'a kafin faɗuwar rana sai Iya ta kunna kyandir biyu don tarbar Asabar, ranar hutunsu. A cewarta ɗaya nata ne, ɗaya nasa.

Wata Juma'a na sauka aron ashana, na tarar suna cacar baki. Kyandir ɗaya ya rage musu, Baba ya raba shi biyu da wuƙa, amma wani ɓari ya fi wani tsawo.

"Hansai, 'yata, zo ki ga aikin tela!" in ji Iya. "Mutum ya tsufa yana awo, kyandir ya gagare shi!"

Baba ya yi dariya, ya tura mata dogon. "Wannan naki ne. Gajeren ya ishe ni."

Ta harare shi. "Wato naka ya ƙare, ya bar nawa shi kaɗai a kan tebur? Ba ka isa ba!"

Ta fizge wuƙar, ta yi ta datse dogon har suka zo daidai. Sannan ta kunna su, ta rufe idanu da tafukanta tana addu'a. Shi kuwa Baba ba kyandir yake kallo ba, ita yake kallo.

Har na hau sama ban tuna da ashanar ba.