Tumatir na Bayan Tanki

A sashen nazarin tsirrai babu wanda bai san Ruwan Farfesa ba. Wani ruwa ne mai kalar shayin da ya kwana, Farfesa ya haɗa shi da hannunsa, ya ce in aka zuba wa tumatir sai ya ninka 'ya'ya. Tun daga lokacin, duk shekara sai ya zaɓi ɗalibi ɗaya cikin 'yan ajin ƙarshe ya ba shi aikin binciken ko ruwan yana aiki. Ɗalibai goma sha ɗaya sun bincika, kundaye goma sha ɗaya suna jere a kantar ofishinsa, kuma cikin ikon Allah kowannensu ya gano cewa Farfesa ya yi gaskiya.

Bana abin ya faɗo kan Auta, 'yar wani mai lambu, wadda ita kaɗai ta taɓa taka jami'a a gidansu. Abu ɗaya take nema a duniya: Farfesa ya sa hannu a kundinta, don in babu wannan sa hannun babu fita bana. Mahaifinta kuwa tun wata huɗu da suka wuce ya ɗinka kayan da zai sa ranar yaye ɗalibai, ya rataye su cikin leda a bayan ƙofa. Mutum ne mai taurin kai a kan lambunsa. Shekara talatin yana zuba takin dabbobi, duk mai tallan maganin shuka na kwalba da ya zo masa, daga bakin shinge yake sallamarsa.

Aikin ba wuya. Tukwane arba'in na tumatir a rumfar raga da ke bayan ɗakin gwaji, ashirin a ba su Ruwan Farfesa, ashirin a ba su ruwan famfo zalla, a auna tsayi duk mako, a ƙarshe a ƙirga 'ya'ya a kwatanta. Mai kula da rumfar wani dattijo ne da ɗalibai ke kira Baba Makulli, saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunsa. Shi ya jera mata tukwanen. Masu shan Ruwan Farfesa ya sa su tsakiyar rumfa inda rana ke wuni, 'yan ruwan famfo kuwa ya kai su can bayan tankin ruwa, jikin bango, inda ko shanya aka yi sai ta kwana ba ta bushe ba.

"Baba, ai nan babu rana," in ji Auta.

"Nan ne wurinsu, 'yata. Haka ake yi tun farko."

"Amma tumatir in bai samu rana ba…"

"Ke bincike kika zo yi ko gyaran rumfa?"

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar da ta koyi tafiya tsakanin kunyoyin tumatir ba ta iya wucewa in ta ga shuka tana miƙa wuya tana neman haske. Ba ta zargi kowa ba, tausayi ne kawai ya kama ta. Da Baba Makulli ya tafi hutu, sai ta kwaso tukwanen bayan tanki ta cakuɗa su da sauran a tsakiyar rumfa, kowace da lambarta. Ai littafin da Farfesa ya rubuta da kansa ma cewa ya yi a daidaita wa kowane ɓangare ruwa da ƙasa da rana. Baiwar Allah har tsammanin yabo take yi.

Baba Makulli ya dawo, ya tsaya bakin rumfa riƙe da haɓa. "Yarinya, kin tono abin da ya fi ƙarfinki," ya ce. Ita ta ɗauka nauyin tukwanen yake nufi.

Bayan mako goma sha biyu tumatir ya nuna, ja wur, ba kunya ba tsoron Farfesa. Auta ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Babu wani bambanci. In ma za a matsa, 'yan ruwan famfo sun ɗara da 'ya'ya bakwai.

Ta kai takardar ofishin Farfesa, inda sanyin na'ura ke ratsa ƙashi, takardun yabo kuma suka rufe bango har ba a ganin fenti. Ya dubi alƙaluman ta saman tabarau.

"Wannan sakamakon bai yi kyau ba."

"Ranka ya daɗe, abin da na samu ke nan. Sau biyu nake auna kowace tukunya."

"To sau biyu kike kuskure. Mutum goma sha ɗaya sun riga ki, biyu cikinsu yanzu daktoci ne. Kin fi su ido ne?"

"Na dai matso da na bayan tanki cikin rana, ranka ya daɗe, kamar yadda littafinka ya ce."

Farfesa ya cire tabarau a hankali. "Wa ya aike ki? Kin ɓata tsarin gwaji." Ya turo mata takardar da ɗan yatsa. "Je ki duba alƙalumanki da kyau. In sun gyaru, ki dawo kafin ƙarshen mako. In ba su gyaru ba, akwai baɗi, tumatir ba ya ƙarewa."

A rumfa Baba Makulli ya same ta tana kuka. Bai ce mata ai na gaya miki ba, ko da yake fuskarsa ta faɗa. Ya zaro makulli ɗaya, ya buɗe sito, ya ɗauko mata kundin bara da na bara waccan. "Kowa daga nan yake ɗiba. Ki ƙara biyu nan, ki rage ɗaya can, kada dai su zo daidai." Ta buɗe su gefe da gefe, sai ga alƙaluma iri ɗaya, riga kawai suke sauyawa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi haka bai leƙa wannan sashen ba.

A yi mata adalci, kwana biyu ta yi tana turjiya, ranta na tafasa. Amma duk sa'ad da ta shiga gida sai ta ga ledar nan a bayan ƙofa, mahaifinta kuma ya tare ta da fara'a yana tambayar ya tumatir ɗin jami'a. Rana ta uku alƙaluma suka gyaru. Farfesa ya sa hannu da alƙalaminsa mai ruwan zinare, ya ce yanzu ta zama mai bincike, ya ba ta maki mafi girma a ajin.

Ranar yaye ɗalibai mahaifinta ya zo cikin sabbin kayansa, ya dage sai ya gaida malamin 'yarsa. Farfesa ya ji mai lambu ne, nan take ya sa aka ɗauko jarka guda ta Ruwan Farfesa. "Kyauta ce, Malam. 'Yarka ce ta tabbatar da ingancinsa, ga shi nan a rubuce." Tsohon ya karɓa da hannu biyu.

Washegari da safe ya kira ta lambu. Ya riga ya gyara kunyoyi, dashen tumatir na jere, jarkar tana tsaye bakin rijiya.

"Auta, bana ba zan ɗebo taki ba. Wannan zan zuba wa lambun duka."

Auta ta dubi kunyoyin. Lambun nan shi ne cin gidan na shekara. "Baba, ka dai haɗa da takin."

"A'a, in na haɗa ya zan gane aikinsa?" Ya durƙusa yana kwance murfin jarkar. "Kin san ni da ruwan kwalba. Shi kansa Farfesan naku hankalina bai kwanta da shi ba. Wallahi da ba ke kika auna da hannunki ba, ko shingen lambuna abin nan ba zai tsallaka ba."

Ya ɗago yana murmushi, ya miƙo mata murfin.

"Zo ki nuna min, ke ce masaniya. Murfi nawa ake zubawa?"