Fili Mai Lamba Tara

Ranar da 'yarsa ta karɓe makullin motar, Jan Biro bai yi musu ba. Ya riga ya daki ƙofar gidan sau biyu da baya, kuma likita ya ce yanar idon ta kai inda ta kai. Shekara talatin da huɗu ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakuran marubuta da jan biro, har sunan ya bi shi, ga shi yanzu ba ya iya bambance ginshiƙi da inuwarsa.

"Don lafiyarka ne, Baba," in ji ta.

"Na sani, Mamana. Duk abin da aka ƙwace min a shekara biyun nan don lafiyata ne."

Aka sayar da motar. Abin da ya rage shi ne inda take kwana: fili mai lamba tara a farfajiyar benen, taku biyar a tsaye, uku a kwance, da tabon baƙin mai a tsakiya. Filin haɗe yake da hayar ɗakinsa, kuma shi kaɗai ne abin da ya mallaka a ƙasa, inda mutane ke wucewa su gan shi. Tun rasuwar matarsa ba wanda ke hawa hawa na uku don ya gaishe shi.

Kwana uku bayan nan Ciyaman ya hawo. Shi ne shugaban masu haya, mutum mai fararen kaya da motoci biyu, ɗaya tana kwana a titi.

"Baba, mun ji abin da ya faru. Allah ya ƙara lafiya. Dama cewa na yi, tunda filin nan ba ka da abin sawa a ciki..."

"Wa ya ce ba ni da shi?"

"Mota za ka sake saye?"

"Ka sauka a hankali, matakalar akwai santsi."

Washegari ya shiga bas zuwa shagon masu sayar da iri, ya ce a ba shi abin da ya fi kowane cin wuri. Mai shagon ya miƙo masa wani ƙunshi, ya ce sunansa zukini, 'yar uwar kabewa ce amma doguwa kamar kokwamba, ganyenta ya kai faranti. Jan Biro bai taɓa cin ta ba, bai taɓa shuka ko albasa ba. Ya sa aka kawo masa tsofaffin tayoyi shida, aka cika su da ƙasa da taki, ya jera su biyu-biyu kamar yadda aka tsara shafi.

Abin ya fito, har da rashin kunya. Cikin wata guda ganye ya rufe tabon man, ya rufe lambar, ya fara leƙa fili na takwas. Jan Biro ya sauko da kujerar roba, kullum da safe yana nan da buta. Mutanen da suka manta yana raye suka koma gaishe shi, ko don su tambayi mene ne wannan.

Sai furanni suka ɓullo, manya, ruwan ɗorawa. Ya duƙa da gilashinsa na karatu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Iri biyu ne. Wasu suna da ɗan kumburi a gindi, ɗan ƙaramin zukini kamar yatsa. Sauran, waɗanda suka fi yawa, a kan siririn kara suke, ba komai a bayansu. Ya san irinsu. Ya yi rayuwarsa yana cire su daga littattafan mutane: kalmomi masu kyau da ba su ɗauke da komai. Ya ɗauko almakashi. Kowace safiya yakan zagaya ya datse marasa amfanin tun suna toho, don ƙarfin shukar ya tafi ga masu aiki, ya zuba su a kwandon shara da irin gamsuwar da ya daɗe bai ji ba.

'Ya'yan suka ƙi girma. Kowane sai ya kai tsawon yatsa, bakinsa ya yi laushi, ya koma rawaya, ya ruɓe ya faɗi. Ya ƙara ruwa, suka ruɓe. Ya rage ruwa, suka ruɓe. Ya karanta bayan ƙunshin har sau huɗu, abin da ya samu kawai kuskuren rubutu biyu.

Ciyaman bai yi barci ba. A taron masu haya ya karanto dokar da ta hana tara shara a farfajiya, ya ce tsofaffin tayoyi da ganyen da ba ya haifar komai, in ba shara ba mene ne? Aka yi ta kai-kawo. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa in watan ya ƙare ba a ga abin ci a jikin shukar ba, za a kwashe, kwamiti ya ba wanda ke buƙata filin. Kowa ya san wa ke buƙata. Saura kwana goma sha ɗaya.

Iya mai sharar bene ce ta same shi washegari, almakashi a hannu. Ta daɗe tana ganin furanni a kwando ba ta ce komai ba, don ba a tambaye ta ba. Ranar ta jingine tsintsiya.

"Malam, wai me waɗannan suka yi maka?"

"Ba su yi komai ba. Laifinsu ke nan."

"Kai ne ke yanke su? Ni na ɗauka yara ne!" Ta tafa hannu, dariya ta kama ta har ta dafa bango. "Wayyo cikina. Malam, duk karatun nan naka? Mazan ne fa! Ka bi angwaye ka karkashe, ka bar amare zaune cikin kwalliya, kana jiran suna."

Jan Biro ya dubi almakashin. Rabon da wani ya kama shi da kuskure tun yana ɗan koyo, kuma wancan ma waƙafi ne.

"A ina kika karanta wannan?"

"A gonar tsohona, da bulala. Kuma ko ka bar su, nan ƙudan zuma ba sa zuwa, hayaƙin mota ya kore su. Kai za ka zama ƙudan."

Ta duƙa ta bincika gindin ganyen. Toho biyu ta samu da suka tsere wa almakashi, don idonsa bai kai gare su ba. Ta ce ya jira su buɗe, kuma furen safiya ɗaya yake yi, rana na ɗagawa ya rufe.

Kwana huɗu ya jira. A na biyar namiji ɗaya ya buɗe, mata biyu suka buɗe tare da shi. Iya ta tsinko namijin, ta zare masa ganyen furen, ta bar ɗan tsinken tsakiya mai gari rawaya, ta miƙa masa.

"Ki yi kawai, Iya. Idonki ya fi nawa."

"Filinka ne ko nawa? Kawo hannun."

Ta riƙe masa wuyan hannu ta kai shi bakin furannin matan, ya goga musu garin a hankali. Daidai lokacin Ciyaman ya fito zai tafi aiki, ya tsaya yana kaɗa makulli.

"Baba, yau kuma allura ake yi musu?"

"Aure nake ɗaurawa. Ba a gayyace ka ba."

Ɗaya daga cikin 'ya'yan biyun da aka goga wa ya ruɓe a kwana na uku. Ɗayan yana can ƙasa, tsakiyar taya ta huɗu, inda ganye ya yi duhu. Jan Biro ba ya ganinsa. Kowace safiya sai ya zura hannu, ƙaiƙayin karan yana yagar masa fata, ya taɓa bakinsa da ɗan yatsa ya ji ko ya yi laushi. 'Yarsa ta kira ta ce ya bar musu filin mana, me zai yi da shi, hawan jininsa ya fi tayoyi shida muhimmanci. Ya ce mata cajin wayarsa ya kusa ƙarewa.

Ranar ƙarshen wata, da la'asar, Ciyaman ya iso da mutum biyu na kwamiti da wani mai kura da aka ɗauko don kwasar tayoyi. Matan bene suka fito baranda. Jan Biro yana kan kujerarsa, ya harɗe ƙafa.

"To, Baba, wa'adi ya cika. Ni dai ganye nake gani."

"Akwai."

"In akwai a yanko mu gani."

"Ba a yanka ba. Bai gama girma ba, kuma ba don kai na shuka shi ba. Kun ce a gani a jikin shuka. Ga shuka nan, taya ta huɗu."

Ciyaman ya dubi na damansa, ya dubi na hagu. Na dama ya ce bayansa na ciwo. Na hagu ya ce shi shaida kawai ya zo yi. Iya tana bakin matakala da tsintsiyarta, ya yafito ta.

"Ni ba 'yar kwamiti ba ce, ranka ya daɗe," in ji ta.

Mai kura ya ce shi dai a sallame shi, yana da wani aikin. Daga sama wata ta ce, "Ciyaman, ka duba mana, girki muka bari a wuta!"

Ya tattare farin wandonsa ya tsuguna. Bai hango ba. Ya sa gwiwa ɗaya a siminti, sannan ta biyu, ya kutsa hannu cikin ganyen yana tsaki, ƙaiƙayi na cin damtsensa. Ya daɗe a haka. Jan Biro ya riƙe hannun kujera da ƙarfi, don tun safe bai sake taɓawa ba, kuma ya san yadda abin ke ruɓewa cikin yini ɗaya.

Ciyaman ya zaro hannu yana susa, ya ce wani abu ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce? Kunnen ma ya fara bin idon."

"Na ce akwai."

"Ya bakinsa? Da tauri ko laushi?"

"Da tauri."

Jan Biro ya saki hannun kujerar, ya gyara zama.

"To ɗaga murya," ya ce. "Na sama ba su ji ba."