Doki Arba'in a Ƙarƙashin Gidan Ambo Dalle

Da Ambo Dalle ya dawo ƙauyenmu na bakin teku daga aikin gonar kwakwar manja a Malesiya, bai riƙo wa kowa tsaraba ba. Abin da ya sauke daga mota shi ne injin kwale-kwale sabo fil, mai ƙarfin doki arba'in. Matsalar guda ce: ba shi da kwale-kwalen. Sai da ya dawo ya ba Pua Sakka mai sassaƙa aiki, shi kuwa Pua Sakka ko gobara ake yi ba ya sauri.

Ambo Dalle ba mutumin da zai yi arziki a ɓoye ba ne. Ya ɗaure injin a jikin ɗaya daga gungumen da ke tallafe da gidansa, don gidajenmu a kan gungume ake ɗora su, a inda matarsa Indo Tenri take shanya kifi. Kullum bayan la'asar sai ya ɗaura sabon zane irin na mazan garinmu, ya kunna taba, ya finciki igiya. Injin ya ɗauka, farfela tana yankan iska, shi kuma yana murɗa totur yana leƙen hanya ya ga wa ya tsaya kallo.

Lahami, yayan matarsa, masunci ne mai wani tsohon inji da ke tari kamar mai shi. Ranar farko ya ce masa, "Ƙanena, ka tsoma ƙafarsa a durom ɗin ruwa mana. Da ruwa yake huce zafi. A busasshe robar da ke ciki ƙonewa take yi."

"Na gwada," in ji Ambo Dalle. "Durom yana cinye masa murya. Yaya, naka ne mai jin ƙishirwa. Wannan ɗan Japan ne."

Liman ya yi magana, maƙwabciya ta zo da ƙorafin kajinta sun daina ƙwai, duk ya ce hassada ce. Indo Tenri kuwa, wadda kofunanta ke rawa a ma'ajiyarsu duk yamma saboda girgizar injin, cewa ta yi, "Maigida, yau ma mun kusa isa birnin Makassar ne, ko in ɗora shinkafa?"

Da nasiha ta ƙi ci, sai mazan da ke zaman hira a teburin mai kofi suka sauya salo. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya karkata kai.

"Yau kamar muryarsa ta yi ƙasa, Ambo."

"An ce na Haji Mappa na tsallaken gada har daga kasuwa ana jin sa."

"Iyakarsa ke nan? Ƙara masa wuta mu ji!"

Ya kuwa ƙara. Ya murɗa har ƙarshe, injin da babu ruwan da zai tura ya dinga kururuwa kamar akuyar da ta hango wuƙa. Wari irin na ƙonanniyar taya ya cika ƙarƙashin gida. Ambo Dalle ya shaƙa ya lumshe ido ya ce ƙanshin sabunta ne. Mutane suka gyaɗa kai, suka koma kan kofinsu suna jira.

Ranar da Pua Sakka ya gama kwale-kwale aka yi walima. Aka dafa shinkafa mai danƙo, liman ya yi addu'a, aka tura jirgi ruwa. Ambo Dalle ya ɗebi matarsa da gwaggonninta biyu da liman, wai zai zagaya da su tsibiri. Wani ya miƙo filafili, ya ture shi da ƙafa.

"Ajiye wa masu bukata."

Injin ya tashi, ba laifi. Sai dai duk wanda ke kan gadar da jirage ke tsayawa ya lura cewa ɗan siririn ruwan nan da lafiyayyen inji ke tsartarwa ta baya, ko ɗigo babu. Ba wanda ya gargaɗe shi. Sun wuce turakun masu noman ciyawar teku ke nan hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin murfi. Injin ya yi ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, ya yi ɗif. Ambo Dalle ya ja igiya, ta ƙi ko motsi.

Ruwa yana janyewa a lokacin, ya kama jan su can cikin teku. Gwaggo ɗaya tana salati, ɗayar tana amai. Liman ya cire hularsa yana tuƙi da murfin tukunya. Indo Tenri ta buɗe lema ta zauna.

Lahami ya bar su sai da suka gasu a rana, sannan ya tayar da tsohon injinsa ya je ya ɗaura musu igiya. Maimakon ya nufo gida kai tsaye, sai ya bi da su ta gaban kasuwar kifi, a hankali, yana gaisawa da kowa.

"Lahami, me ka kamo yau?"

"Doki arba'in da mahayinsu!"

Bakaniken gari ya kwance injin washegari. Robar da ke tura ruwa ta zama gari, fistin ya manne da bangon cikin injin kamar ƙanzo. Ya ce gyaran ya kusa kai sayen wani.

Ambo Dalle ya tsaya a kansa, hannuwa a ƙugu, ya dubi 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duka shaida ne," ya ce. "Injin nan lafiyarsa ƙalau a gidana. Kullum sai ya tashi. Sai da aka sa shi a ruwa ya mutu. Ruwan garin nan ne ba shi da kyau."

Ba wanda ya musa masa. Wani ma cewa ya yi gaskiya ne, gishirinsa ya yi yawa bana.

Kafin wata ya mutu ya koma Malesiya neman kuɗin gyara. Kwale-kwalen kuwa Lahami ne ke fita da shi kamun kifi, yana ba ƙanwarsa rabonta, kuma yana faɗa wa kowa cewa bai taɓa samun suruki mai amfani irin wannan ba.