Kafaɗar Hagu

A unguwar Waziriyya ta birnin Jidda kowa ya san Tahani 'yar Muktar da rashin hannu. Mata na cewa in ta zuba shayi rabi a faranti yake ƙarewa, in ta ɗauki kofin gilashi a fara neman tsintsiya. Shi ya sa da aka ji ta shiga ƙungiyar mata masu harbin faifan yumɓu, dariya aka yi.

Muktar bai yi dariya ba. Ya ga kumatunta na dama ya kumbura, kafaɗarta ba ta ɗaguwa sosai. Bindigar kuwa, shozan ce, irin ta farauta mai baki biyu, ƙaninsa Othman ne ya ba ta aro, su biyun kuma tun da aka rushe tsohuwar unguwarsu Karantina gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ranar Asabar ya tasa su gaba zuwa filin harbi a bayan gari.

"Yau za a gwada ta a gabana," in ji Muktar. "In ta sake dukan fuskar yarinyar nan, halas, magana ta ƙare. Ba ta ƙara taka wurin nan."

"Yaya, bindigar lafiyarta lau."

"Haka ka ce a kan na'urar sanyin da ka sa mini."

Othman ya karya bindigar, ya zura harsashi biyu, ya ce a saki. Injin ya wurgo faifai biyu, ya farfasa su. Ya maimaita, bindigar ba ta cije ba. Muktar ya fizge ta, ya harba, ya sami ɗaya.

"To?" in ji Othman.

"To me? Ni na ce ba ta tashi? Jaki ma yana tafiya, amma yana harbi da ƙafa. Tahani, yalla, zo ki harba."

Ta gyara abin toshe kunne, ta kafa gindin bindigar a kafaɗar dama. Kanta ya karkace, tana leƙo bakin bindigar da idon hagu. Ta ja kunama. Itacen ya bugi kumatunta, faifan ya wuce lafiya ya faɗi can cikin rairayi. Na biyu ma haka.

"Ka gani? Ka ba 'yata abin da zai fasa mata fuska!"

"Na ba ta abin da ta roƙa. Kai me ka taɓa ba ta, ban da tsawa?"

"Ka iya bakinka, Othman."

"In ban iya ba fa?"

Mai kula da filin ya ɗago hannu, ya ce da Larabci ko su rage murya ko su fita. Tahani ba ta dube su ba. Ta zuba sababbin harsasai, ta rufe bindigar, ta mayar da ita kafaɗar hagu.

"Ke! Da hagu? Haka na tarbiyyantar da ke?"

"Baba, ba abinci zan ci ba," in ji ta a hankali. "Tun ina ƙarama ka ɗaure hannun nan da ɗankwalin Umma. Na ci da dama, na yi rubutu da dama. Wannan dai ka bar mini."

Ta ce a saki. Kumatunta ya kwanta a jikin itacen daidai. Faifan farko ya watse kamar gari. Na biyun ta gutsure masa gefe kawai. Ta karya bindigar, kwansunan suka yi tsalle, ta sake lodawa, ta fasa biyu.

"Yaya kafaɗar?" in ji Othman.

"Ban ji komai ba, Ammi," ta ce wa baffan nata.

Muktar ya tsaya yana kallon kumburin da ke kumatunta na dama, wanda yanzu ya ƙara ja. Ya ce wani abu ƙasa-ƙasa, ba ta ji ba. Ya matso ya ɗaga mata abin toshe kunnen gefe guda.

"Na ce ranar Asabar mai zuwa ni zan kawo ki. Ki yafe mini, Tahani."