Sitiyarin Uwais

Malam Dabo yana da shekara hamsin da takwas ranar da ya fara riƙe sitiyari. Kafin nan, manomin gyaɗa ne a Ruwan Bago, ko babur bai taɓa tuƙawa ba.

Motar ta ɗansa Uwais ce, babbar mota mai taya shida. Shekara goma sha biyu Uwais yana tuƙa ta wasu kafin ya sayi tasa. Bai cika shekara da ita ba, wata rana yana canjin taya a hanyar Karaye, jak ya zame, motar ta sauko masa a ƙafar dama. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa.

Motar ta yi wata huɗu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. 'Yan'uwa suka ce a sayar, ko a ba wani ya riƙa ja. Duk lokacin da aka ta da maganar, sai Uwais ya juya fuska bango. Abinci ma sai mahaifiyarsa Safara'u ta tsaya a kansa.

Wata safiya Dabo ya tsaya a bakin ɗakin Uwais ya ce, "Tashi ka koya mini."

"Me zan koya maka, Baba?"

"Motar nan. Na gaji da ganin ta a tsaye."

Safara'u ta ce, "Malam, da furfurarka?" Dabo ya ɗauki makullin motar ya fita.

A filin ƙwallon bayan gari suka fara. Uwais na zaune a gefensa, sandunansa a jingine da ƙofa. Ƙafar Dabo ta saba da taka kunya, ba ta san lallashin kuloci ba. Motar ta yi ta zabura tana mutuwa, mutane suna kallo daga inuwar ɗorawa suna dariya.

"A hankali, Baba. Saurari injin, shi zai gaya maka lokacin canza giya."

Uwais ɗan fari ne, saboda haka tun yana ƙarami Dabo bai taɓa zama da shi sun yi doguwar hira ba. Yanzu ga su kafaɗa da kafaɗa tun hantsi har azahar. Yaron ya fara cin abinci. Har faɗa yake yi idan uban ya manta duba madubi, sannan ya ji kunya ya ce a yi haƙuri. Wannan faɗan ya fi wa Dabo komai daɗi.

Bayan wata bakwai ya sami lasisi. Suka fara ɗaukar gyaɗa da dawa daga Rogo zuwa Kano, uban na tuƙi, ɗan na nuna masa inda rami yake da inda ake rage gudu.

Sannu a hankali gyaran ya ragu. Dabo ya lura ranar da suka wuce Karaye Uwais bai ce uffan ba, yana ta kallon gonaki ta taga, fuskarsa ta koma irin ta kwanakin jinya. Da suka zo wani hawa, sai Dabo ya saka giyar da ba ita ba. Motar ta yi gurnani. Uwais ya gyara masa. Washegari ya sake, rana ta uku ma haka.

A rana ta huɗu Uwais bai gyara ba. Sai da suka tsaya sallar azahar a bakin hanya, yana daga zaune yana alwala, ya ce, "Baba, da gangan kake yi."

Dabo ya ci gaba da wanke hannu.

"Ka iya. Ka fi wata guda da iyawa. Kada ka lalata mata giya saboda ni."

"Hanyar da tsawo," in ji Dabo. "Mutum yana son abokin hira."

"Na sani. Amma wannan kujerar ba tawa ba ce. Duk kwanar da ka sha, ƙafar da babu ita ce take neman birki. Ina ji har cikin raina."

Ranar Litinin aka yi lodin gyaɗa buhu ɗari. Uwais ya fito da sandunansa, ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa kowace taya, ya goge madubin gefen direba da hannun rigarsa.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

"Amin. Ba abin da za ka ce in kula da shi?"

Uwais ya yi ɗan tunani, ya girgiza kai. "Babu."

Dabo ya shiga shi kaɗai ya ta da mota, ta tashi lafiya ƙalau. Ya bi ta Rogo ya ɗauki hanyar Karaye bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya wuce gari, sai ya gangara gefen titi ya kashe injin, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Wani mai tallan rake ya leƙo ya tambaya ko motar ce ta lalace.

"Lafiyarta lau," in ji Dabo. Ya share fuska da hularsa, ya sayi rake guda biyu, sannan ya ci gaba da tafiya.