Uku a Lamba Sha Takwas

Ina da wani hali da ba na so a sani: idan ana yi mini bayani ban gane ba, gyaɗa kai nake yi. Haka na gama makaranta, haka kuma na zauna gaban likita ranar Litinin, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Shekara ashirin da biyu ina gyaran fanka da dutsen guga. Matata na da cikin wata biyar, bayan 'ya'ya maza uku da shirun shekara tara. Mun riga mun cire rai, har ta rabar da kayan jarirai. Hoton ciki ya nuna mace ce. Shi ne kuma ya nuna abin da ya sa aka tura mu gwaji na biyu.

Likitar ta juya takarda ta zana mana 'yan sanduna bibbiyu a jere, wai su ne tubalan halittar jaririyar. Da ta zo lamba sha takwas, sai ta zana uku.

"Nan ne matsalar," in ji ta. "Ɗaya ya yi yawa."

Sai na ji an shigo fagena. A shagona, in ka gama haɗa fanka ka ga noti ɗaya ya yi saura, gwangwani kake jefa shi, fanka ta ci gaba da juyawarta.

"To likita, a cire shi mana."

"Ba a wuri ɗaya yake ba, Malam. Yana cikin kowace ƙwayar jikinta. Zuciyar ma da shi aka gina ta."

Matata ce ta yi tambayar da ta dace. "Za ta rayu?"

"Da yawa ba sa kaiwa haihuwa. Waɗanda suka kai, wasu kwanaki, wasu watanni. Ba zan yi miki alkawari ba."

Washegari na yi abin da na fi tsana a wajen masu kawo mini gyara: na ɗauki takardar na kai wa wani, ko zai faɗi daban. Mai kemis ɗin layinmu ya sa tabarau, ya karanta har da adireshin asibitin.

"Maigida, wannan ya fi ƙarfin kantata. In ba ka maganin ƙarin jini?"

Na karɓa, don kada in koma hannu biyu.

A shago na gyara fanka bakwai, har da wadda mai ita ya mutu bara. Ina ɗaura waya ina shirya jawabin da zan yi wa matata: haƙuri, ƙaddara, kada mu saba da ita da yawa, kada mu zaɓi suna tukuna. Na maimaita shi har ya yi santsi. Ni kaina ya fara kama ni.

Bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana ninke rigunan makarantar yara. Na ja kujera, na gyara murya.

"Maman yara, na yi tunani a kan maganar nan."

"Kai da tunani? Ka wanke hannun nan kuwa?"

"Na wanke."

"Kawo."

Ta ɗora shi a gefen cikinta, ta danne da nata. Wani abu yana ɗan zillo a ƙarƙashin tafina, a kai a kai.

"Mene ne wannan? Mu koma asibiti?"

"Zauna," ta ce. "Shaƙuwa take yi."