Fitilar da Baba Ya Haɗa

Kwana uku ke nan da zarar an kunna fitilar falo sai mu ji ƙas daga akwatin wuta. Breka ta sauka, wato ɗan makunnin nan da ke yanke wuta da kansa idan ya ji matsala, fitilun gidan duka su mutu. Kowa ya ga haka. Har Inna, wadda ba ta san bambancin filaya da sukudireba ba, ta ce, "Malam, ai falon ne."

Amma Baba shekara arba'in ya yi yana aikin wayarin, unguwa kuma Injiniya take kiransa. Fitilar falon nan, mai gindin ƙarfe, shi ya haɗa ta da hannunsa a makon jiya. Don haka laifin na kowa ne ban da ita.

Da farko ya ɗora wa dutsen gugar Inna. Na ce layin soket daban, layin fitilu daban, shi ya koya mini tun ina firamare. Ya harare ni, ya koma kan ƙwayayen lantarkin zamani, wai duk jabu ne. Muka kwance na kicin, na banɗaki, na ɗakuna, ina riƙe da tsani yana miƙo mini su ɗaya ɗaya. Ya buɗe kowane makunni ya ɗaure. Ya sa na leƙa silin ko ɓera ya ci waya, na sauko da yanar gizo-gizo a ɗankwali. Sai ya ɗaga breka, ya bi ɗakuna yana kunnawa, komai lafiya lau. Ya zo falo ya danna. Ƙas.

"Kin gani? Nauyi ne ya yi yawa," in ji shi. "Falo ne na ƙarshe, shi ya sa yake ɗaukar laifi."

"To mu fara kunna shi, Baba."

"Ke za ki koya mini aiki?"

Wallahi kamar in fashe. Amma in Baba ya hau dokin naƙi ba mai sauko da shi.

Da hantsin rana ta huɗu ya saka hula ya ce zai je kasuwa ya sayo babbar breka, wadda ba za ta riƙa sauka ba. Nan abin ya kai ni wuya. Mutumin da ya sha korar masu gida a kan wannan ganganci, yana ce musu breka mai sauka rai take ceto, yau shi zai toshe mata baki.

Yana fita na kashe wutar gidan baki ɗaya, na jawo tsani tsakiyar falo. Inna tana ta salati a ƙasa. Na kwance gindin fitilar, na duba. Jar waya, mai ɗauke da wuta, tana ɗaure a jikin ƙarfen, inda koriya, wayar kariya da ba ta ɗauke da wuta, ya kamata ta zauna. Koriyar kuma tana wurin jar. Ɗaurin tsaf, irin na Baba, ba ko silin waya a waje. Ba don brekar nan ba, duk wanda ya taɓa fitilar a kunne sai dai wani ba shi ba.

Minti biyu ya ishe ni in musanya su in rufe, ya dawo ya saka sabuwar brekarsa ya ce ai ya faɗa. Na so in yi haka ƙwarai. Amma gobe da safe zai je haɗa wuta a gidan tela, gida mai yara biyar. Na bar wayoyin a buɗe, na zauna a kan tsani ina jiransa, raina a jagule.

Ya shigo da leda a hannu, ya ɗaga kai.

"Wa ya ce ki taɓa mini aiki?"

"Hau ka duba, Baba. Ban canza komai ba."

Ya hau yana faɗa. Ya kama wayoyin, ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa su, ya ja baya, ya sake matsowa. Faɗan ya tsaya. Ya ware guda ɗaya da babban yatsa.

"Wannan ce jar, ko?"

"Koriya ce, Baba."

Ya saki wayar. Sannan ya sauko a hankali, yana laluben kowane mataki da ƙafa, abin da ban taɓa lura yana yi ba sai yau. Ya zauna a kujera, ledar tana kan cinyarsa.

"Tun yaushe?" Inna ta tambaya.

"Tun bara nake ganin su duk baƙaƙe," ya ce. "Da hannu nake gane su."

Ya juyo wajena, bai kalle ni ba sosai.

"Ki gyara. In kin gama ki je gidan tela, ki ce su nemi wani."